Maganar da na yi da jakin surukina

Ɗiyata ta fari ta shekara huɗu a ɗakin miji ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ban taɓa kiran sunanta ba, don 'yar fari ce, yanzu ma ba zan fara ba. Mijinta falke ne, ɗan unguwarmu a nan Azare. Lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Nguru ba, sai ya riƙa kai fatu da gyaɗa can a kan jakuna biyar, ya komo da gishiri da kanwa.

Uwarsa mutuniyar Katagum ce, kuma ba ta barin kowa ya manta da haka. Ita ta ɗauki nauyin neman haihuwar. Babu abin da ba ta ɗura wa yarinyar nan ba: jiƙon saiwa, rubutu, hayaƙi a ƙarƙashin zane, har wani sassaƙe mai ɗaci da wata Bafulatana ta kawo daga Jama'are. Yarinya ta rame, ƙashin wuya ya fito. Ni kuwa ina tallar man gyaɗa da ƙuliƙuli gida-gida, da wannan dalilin nake shiga wurinsu. Ba na magana. Ina dai kallo.

Wata Litinin na sauke ƙwarya a tsakar gidansu, tsohuwar ta ce da ni, tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba:

"An gano ciwon 'yarki. Gishiri ne ya toshe ta. Ɗana zai tafi gobe, jibi wanzami zai zo ya yanke."

Na san yankan gishiri. An yi wa ƙanwata a Shira. Aska aka sa mata a gaba, daga ranar fitsari bai sake tsaya mata ba. A kan yashi ta ƙare zamanta, a ɗakin da ba mai shiga sai ni.

Akwai kuma abin da na daɗe da lura da shi. Bayan ɗakin yarinyar akwai danga inda take shanya tsummokin al'adarta, ta rufa musu tsohon zane. Duk ran da na ga zanen nan a kan danga, to jakuna na turke. Ran da zanen ya ɓace, turke ma ya zama wayam. Al'adarta tana zuwa da tsayuwar wata, kwana ɗaya gaba ko baya. Shi kuma yana dawowa ƙarshen wata, ya huta, in wata ya kwana bakwai ya ɗaura kaya don ya samu farin wata a hanya. Wata bakwai ina lissafi, ina jefa ƙwallon tsamiya a tsohon tulu, sau ɗaya ne kawai abin ya saɓa.

Na faɗa wa tsohuwar haka. Ta ajiye faifai.

"Iye! Shimfiɗar ɗana kike leƙe, baiwar Allah?"

"Danga na duba, da turke."

"Ku a gidanku ba a san kunyar 'yar fari ba? Ɗana lafiyarsa ƙalau."

"Ban ce ba shi da lafiya ba. Cewa na yi ba ya nan."

"Kwashe manki ki fita. Dama ya yi tsami."

Saura shi kansa, kuma suruka ba ta magana da suruki. Shekara huɗu, in ya hango ni sai ya cire takalmi ya durƙusa gefen hanya, ni in ja mayafi in wuce. Iyakarmu ke nan.

Talata da la'asar na koma. Yana ƙofar gida yana ɗaure kaya, abokan tafiyarsa biyu na jiransa. Ya durƙusa kamar kullum. Ban dube shi ba. Na wuce wurin baƙin jakin da ke jan gaba, na sauke ƙwaryata, na tsaya daidai fuskarsa.

"Sannu da aiki, maigida," na ce da jakin. "Na ga kai ne mai gidan nan, tunda don kai ake zaɓen ranar tafiya. Ba ka son duhu, ba ka son rana. Ran da ka dawo, matar gida ba ta salla. Ran da ta yi wanka, an ɗora maka kaya. Shekara huɗu haka! To daga ina cikin zai shigo, ta taga? Gobe za a sa mata aska wai ana neman gishiri. Ni gishirin da na sani a gidan nan shi ne wanda ka ɗauko a bayanka. Ka roƙa mini ubangidanka ya bar ka a turke sai wata ya cika ya fara raguwa. In an yi haka wata shida ba komai, a kira wanzamin, ni zan riƙe mata ƙafa."

Wannan na ƙarshen ƙarya na yi. Da an kira shi, da na sace ta mun bar garin.

Ɗaya daga cikin fataken ya tuntsire da dariya, ya ce, "Inna, me ya ce?" Na ce masa ya fi wasu jin magana. Tsohuwar ta fito zaure tana zagin danginmu kaf, har kakata da ba ta taɓa gani ba. Surukina yana durƙushe, igiya a hannu, gumi na bin wuyansa. Sai ya miƙe. Ya kwance kayan baƙin jakin, sannan na sauran. Abokansa suka tafi suka bar shi, wanzami kuma bai zo Laraba ba.

Ban ci riba a wurin kowa ba. Unguwa ta sa mini suna surukar jaki, mata suna tambayata ko zan gaishe musu da nasu jakunan. Surukina ya koma tafiya cikin zafin rana don ba farin wata, jaki ɗaya ya mutu masa a hanyar Gamawa, aka ce ni ce. Yarinyar da na yi dominta ta daina fitowa in na shigo, wai na tona mata asiri a gaban maza. Shi kuwa har ya bar duniya, in ya hango ni sai ya sake hanya. Ban nemi afuwar ko ɗayansu ba.

A wata na biyar da yin wannan magana na shiga da man gyaɗa sabon matsa. Tana daka a tsakar gida, ƙamshin ya buge ta, ta yar da taɓarya ta ruga bayan ɗaki tana amai. Na leƙa danga. Wata ya kwana uku, babu zane.

Mace ta haifa. Tsohuwar ta bi gida-gida tana cewa sassaƙen Jama'are ne ya yi aiki. Ranar suna wanzamin nan ya zo, shi ɗin dai da aka yi wa magana tun farko, don ya yi wa jaririya aski. Uwar 'yar fari ba ta zama a gaba a irin wannan rana, amma na ƙi komawa ɗaki. Na tsaya a kansa ina kallon askar, har ya goge ta ya mayar cikin zabira.