Motar Kawu Mamman Mai Shiga Ruwa

Warin man giyar mota nake fara tunawa, mai ɗan zaƙi da ƙauri, sai kuma ƙarar ɗigarsa cikin tsohuwar tukunya. Duk wanda ya taɓa zuwa gidan Kawu Mamman a Pleasant Garden, nan ƙasar Turawa, ranar Asabar ya san abin da nake nufi. Ƙafafunsa kawai za ka gani, sauran jikin ya shige cikin motar nan mai taya shida, wadda ke tafiya a tudu, ta kuma yi iyo a ruwa.

Wajen wani manomi maƙwabcinsa ya saye ta, a shekarar da ɓarin jikin matarsa, Anti Hadiza, ya shanye. Ita ma 'yar Gaya ce kamarsa, a bakin kogi ta tashi. Wata rana ta ce ba abin da take kewa kamar ta ji ruwa yana lilo da ita. Ga shi ba ta iya taka kwalekwale. Sai Kawu ya ƙudura zai ɗauke ta daga bakin ƙofa har tsakiyar tafkin manomin, ba tare da ta sauke ƙafa ba.

Amma fa sai an yi wa giyar juye tukuna. Ya zura tiyo ya kai baki. Na ce, "Kawu, ana sayar da ɗan famfon zuƙo mai a shagunan Wendover."

Ya ce, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa na ci, "Allah ya ba ni famfo a fuska, kuma ba ya cin batir."

Ya zuƙa. Mai ja kamar zoɓo ya wanke masa gemu. Ya tofar, ya lashi leɓe, ya ce, "Ya ƙone. Gara da na ɗanɗana."

Tsohon man kuwa ba ya zubarwa. Ginshiƙan shingensa yake shafa wa saboda gara, yadda ake yi a gida. Na ce masa katakon ƙasar nan da maganinsa ake sayar da shi, har an rubuta a jiki. Ya dube ni ta saman tabarau. "Garar ta yi boko ne?"

Ranar Sallah aka yi gwaji. Ya ɗauki amininsa Alhaji Tanko, mutumin Kumasi, da farar shaddarsa, suka shiga tafkin da motar. Ashe da safe Kawu ya buɗe ramin da ke ƙasan motar don man da ya zube a ciki ya tsiyaye, ya jefa matoshin a aljihu, aka tafi masallaci.

Muna bakin tafki muna jin su.

"Mamman, ƙafata ta jiƙe."

"Raɓa ce, Alhaji."

"Ei! Raɓa har gwiwa?"

Alhaji ya tattare riga ya faɗa ruwa, ya yi iyo yana salati. Kawu bai motsa ba. Yana zaune riƙe da sandunan tuƙi, ruwa har ƙirji, sai da tayoyin suka taɓa ƙasa. Da manomin ya jawo shi da tarakta, abin da ya fara faɗa shi ne, "To, yanzu mun san zurfinsa."

Mun yi dariya har da hawaye. Amma ruwa ya shiga giyar, man ya koma kamar zoɓon da aka zuba wa nono. Kawu ya zuƙe, ya sa mazurari ya zuba sabo, ya zagaya gida da motar, ya sake zuƙewa. Duk lokacin zafin nan a haka ya ƙare, yana ɗiga man a farin ƙyalle yana ɗagawa ga rana. Anti kuwa tana ta ramewa.

Daga kujerarta a baranda ta ce, "Mamman, ni da motar nan, wa zai riga wani tashi?"

Ya ce, "Saura kaɗan, Hajiya." Wannan karon bai yi wasa ba.

Sai da ganye ya fara ja man ya fito garau. Ya ɗauki Anti cak ya zaunar a motar, ya sa mata rigar hana nutsewa, guda ɗayar da ya yarda ya saya. Suka gangara a hankali. A tsakiyar tafkin ya kashe injin. Na ga ta saki hannunta mai lafiya cikin ruwa, ta lumshe ido, motar tana ɗan lilo da su.

Ba ta ga ƙarshen sanyin shekarar ba. Shi ma bai daɗe sosai ba ya bi ta. Allah ya jiƙansu, ya sanyaya makwancinsu, ya haɗa su a inda ƙoramu ke gudana.

Sai bayan na yi aure Mama, ƙanwarsa, ta faɗa mini abin da ya hana ta faɗa yana raye. Tun suna yara, da kogi ya ci yayansu, mahaifiyarsu ta hana shi zuwa bakin ruwa. Kawu Mamman bai taɓa iya iyo ba.