'Yarka da Yarka

Hamdiya 'yar ƙanwata ce, don haka in na yabe ta a rage kaɗan, in na kushe ta kuma a ƙara, don da wuya bakina ya faɗi duka. Tun tana lakwal, makarantar boko, a nan Dakoro ba ta iya barin abu yadda ta same shi. Rediyon gidana ta taɓa kwancewa don ta ga inda mai labarai yake zama, har yau rediyon nan bai sake cewa uffan ba. Da ta tafi Maradi karatun odinata, wato kwamfuta, na ce madalla, ta je can ta kwance na mutane.

Ta dawo ta samu aiki a biron wata ƙungiyar makiyaya, ofishi mai ɗaki guda kusa da kasuwar dabbobi. Ni kuwa tun da na bar koyarwa ba ni da abin yi, sai na mai da bencin biron nan wurin hirata. Ban taɓa tsinana mata komai ba, ban da shan shayinta da yi mata gyaran Hausa.

Aikin nata aike ne. Makiyayi in ya yi arewa, wajen Azagor ko bayan Tagriss, ba wanda ya san rijiyar da zai shayar gobe, waya kuma ba ta shiga don babu rezo, wato sabis. Amma rubutaccen saƙo yana jira, da zarar mai waya ya hau tudu sai ya faɗo. Ƙungiyar tana da wakili mai iya karatu a kowace babbar rijiya. Mutum ya zo ya faɗa wa Hamdiya abin da ke tafe da shi, ta rubuta, ta danna, saƙon ya tafi ga wakilan gaba ɗaya, wanda ya ga mai saƙo ya karanta masa.

Ita ta haɗa abin da hannunta, kuma tana ji da shi. Tana rubutu ne a cikin wani baƙin allo mai rubutu zalla, ko hoto ɗaya babu. Na tambaye ta yadda magana ke fita daga nan, ta ce yare biyu ne ke aikin. Allon rubutun yana da nasa ɗan yaren, shi ke ɗaukar abin da ta rubuta ya miƙa wa wani yaren da ake kira Python, shi kuma ya aika. Wajen miƙawar, sai an sa waƙafin sama a farkon maganar da ƙarshenta, kamar yadda ake ɗaure bakin buhu kafin a ɗora a mota.

To, mu Hausawa muna da wannan waƙafin a tsakiyar kalmominmu. Ranar da ta fara aika wa wani Sha'ibu saƙo, Python ya karanta "Sha", ya ga waƙafi, ya ɗauka magana ta ƙare, sauran kuma ya rasa mene ne, sai ya tsaya cik. Mutane cike da ƙofa, kowa da gaggawarsa. Hamdiya ta ƙara layi guda: duk waƙafin sama da ke cikin saƙo a share shi kafin a miƙa. Sha'ibu ya koma Shaibu, jama'a ta koma jamaa, aiki ya tafi sumul. Aka daɗe a haka, ba wanda ya taɓa kawo ƙara, ita kanta ta manta da layin.

Ran nan da hantsi wata mata ta shigo, Baraka, matar wani mai raƙuma da ake kira Intalla. Idanunta sun yi ja. Ta ce 'yarsu Balkisu, wadda ba ta daɗe da shiga lakwal ba, tana kwance a likita, asibitin garin nan, da zazzaɓi mai zafi.

"Ba ta ci, ba ta sha," in ji Baraka. "Ubanta kawai taka kira. Ki ce mai ɗiyatai ba ta lahiya, shi taho maza."

Mu nan "ɗiya" muke cewa. Amma Hamdiya in ta zauna gaban allo Hausar littafi take rubutawa, ga shi kuma ƙananan wayoyin daji ba su nuna ɗ mai lanƙwasa, sai su fito da ɗan akwati. Sai ta rubuta: "Intalla, 'yarka ba ta da lafiya, tana likita a Dakoro, ka zo maza." Ta danna, ta ce wa Baraka ta kwantar da hankalinta.

Kwana ya bi kwana, babu Intalla. Kullum Baraka sai ta leƙo ta tambaya, kullum fuskarta ta fi ta jiya faɗawa. Sannan amsa ta zo daga Samba, wakilin wata rijiya bayan Tagriss. Ya ce ya karanta wa Intalla saƙo, Intalla ya ce Allah ya ba yarsa lafiya, ciwon gwiwar nan nata dama ya saba tashi, zai shigo ranar kasuwa in ya kai raƙuma wurin ciyawa.

Hamdiya ta karanta, ta sake karantawa. Ta buɗe saƙon kamar yadda ya fita daga hannun Python, ta juyo ta dube ni.

"Kawu, yana da ya?"

"Yana da ita mana, yayarsa mai suna Mata, tsohuwar nan mai dogara sanda. Mi ya faru?"

Ta juyo mini da allon. "Yarka ba ta da lafiya." Layin nan nata ya share waƙafin, Samba kuma ya karanta abin da ya gani. Na koyar da rubutun Hausa shekara da shekaru, amma ban taɓa jin tsoron alamar rubutu ba sai ranar.

Nan take ta sake aikawa, wannan karon da suna: Balkisu ce, diyarka ta cikinka. Samba ya amsa da yamma cewa Intalla ya riga ya tashi, bai faɗi inda ya nufa ba. Sauran wakilan ba wanda ya gan shi.

Hamdiya ta je likita ta faɗa wa Baraka gaskiya da bakinta, ba ta laɓe bayan na'ura ba. Washegari ta hau motar Tagriss, daga can ta ɗauki mai moto, wato babur, suna bin rijiya rijiya suna tambaya. Uwarta ta yi ta faɗa, wai mace ita kaɗai cikin daji. Ni dai ban hana ta ba, don na san ko ɗaure ta aka yi sai ta tafi. Ta dawo baki a bushe, ba ta same shi ba.

A kwanakin jiran nan ta gyara abin. Ta cire layin sharewa. Ta sa wata karkatacciyar sanda a gaban kowane waƙafi, alamar da ke gaya wa Python cewa wannan na cikin magana ne, kada ya tsaya. Sai yaren allon ya cinye sandar tun kafin ta isa, dole ta ninka ta biyu. Daga baya ta watsar da wannan ma, ta sa Python ya riƙa zuwa da kansa yana ɗaukar maganar daga inda aka ajiye ta, babu ɗauri babu kwancewa. Ta gwada da Sa'adiya, da addu'a, da 'ya'ya, duk suka fita lafiya. Ba ta yi murna ba, ni ma ban ce mata sannu ba, don mun san gyaran bai kai inda ake bukata ba.

Balkisu ta rasu ana jajibirin kasuwa, aka yi mata sutura.

Intalla ya shigo gari da hantsin ranar kasuwa, a hankalinsa, riƙe da ɗan gora na man shanu da ya kawo wa yarsa ta shafa a gwiwa. Ya karyo kwanar gidansa ya ga tabarmi a shimfiɗe, maza zazzaune. Ina cikinsu. Ya fara salati yana kiran sunan Mata, sai ga Mata ta fito daga zaure tana dogara sandarta. Ya dube ta, ya dubi mutane, ya zauna a ƙasa inda yake tsaye. Na ga mutuwa da yawa a garin nan, amma wannan zaman ya fi duka karya mini zuciya.

Da mutane suka rage, Hamdiya ta zo. Na so in hana ta, ta wuce ni. Ta durƙusa nesa kaɗan da shi, ta yi masa gaisuwa, sannan ta faɗa masa komai: abin da Baraka ta ce, abin da ta rubuta, abin da ya isa rijiya.

"Laihina ne, Baba. Ni na sa a share shi."

Intalla ya ɗago kai ya dube ta. Ban tsammanin ya gane zancen waƙafi, bai kuma nemi a sake masa bayani ba.

"Yarinya," ya ce, "cikin saƙon nan, akwai inda kika ce in taho maza?"

"Akwai, Baba."

"Shi wannan ya iso daidai?"

"Ya iso."

"To, tashi ki tahi gida. An ce in taho, na ji da kunnena. Da na ɗauka Mata ce, sai na ce ta jira kasuwa."

Mata tana zaune a bakin zaure, ta ji komai. Ya miƙa mata goran man shanun bai iya duban fuskarta ba, ta sa hannu biyu ta karɓa.