Kawu Buba da Motar da Ta Bi Burtali

Duk wanda ya san Kawu Buba a Takur ya san ba ya shiga mota kamar sauran bayin Allah. Sai ya zagaye ta tukuna, hannu ɗaya a baya, ɗayan yana shafa cikinta. Ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashinta, ya dubi ƙasa ko ta ɗigar da wani abu, ya dangwala ya shinshina. In ya gamsu ya ɗan buge ta a ƙugu ya ce, "Lafiya lau ta kwana." Duba lafiyar shanu shi ne aikin da ya yi wa gwamnati har ya yi ritaya, kuma bai ga dalilin sake hannu ba don kawai majinyaciyar ta koma ta ƙarfe. Sunanta ma Nagge, wato saniya da harshen iyayenmu.

Ku da kuka gan ta ba sai na kwatanta muku ba, amma saboda yaran yanzu: irin tsohuwar motar nan ce ta Turawa masu yawon ganin ƙasa, mai siffar burodi, ba ta da hanci, injinta a baya, a cikinta akwai gado da kabad da wurin ɗora tukunya. A bayan wani gareji a Kano ya tsinto ta, kaji sun daɗe da mai da ita akurki.

Dalilin sayenta kuwa duk gidanmu mun sani, ba wanda ya taɓa furtawa. Innata ita ce yayarsa, Adda yake ce mata. Ƙafafunta sun daina ɗaukarta, bayanta ba ya barin ta zauna ko daga gida zuwa bakin titi. Wata rana ya zo gaishe ta, sai ta ce, kamar da bango take magana, "Ko tsamiyar nan tana nan?" Tsamiyar tsohuwar rugarsu take nufi, can bayan Aujara, inda aka haife su kuma aka binne mahaifiyarsu. Babu titin mota zuwa wurin, daga yashi sai fadama sai burtali, hanyar shanu. Babur ne kaɗai ke kaiwa, ita kuwa ina ita ina babur? Ba ta ce a kai ta ba. Bafulatana mai shekarunta ba ta roƙon ƙaninta ko da ruwan sha ne. Shi ma bai ce zai kai ta ba. Ya dai miƙe ya tafi, aka kwana biyu sai ga shi da mota mai gado. Abin da ya riƙa hana ni sukuni tun daga ranar shi ne ko Inna za ta jira motar ta gama shiri.

Malam Garba bakanike ne ya ɗanɗana kuɗarsa. Da ya leƙa ciki ya ce, "Likita, mu cire gadon nan mu jera kujeru, ta riƙa jigilar ɗalibai zuwa Kafin Hausa."

"Taɓa komai, Garba, ban da gadon."

"To me za a yi mata?"

"Ƙafafu za ka ƙara mata. Cikinta ya cika kusa da ƙasa, kamar akuya mai ciki."

Aka ɗaga ta, aka sa mata manyan tayoyi 'yan Kwatano masu ƙuraje, aka yanke bodin da ke gogarsu. Kawu ya ciro ƙofar ƙarfe ta tsohon sitonsa aka yi wa cikinta sulke don kada kututture ya huda injin, har da wurin sa kwaɗon a jiki, don ya ce ba a san ranar da zai yi amfani ba. Aka karkato salansa sama kamar wutsiyar saniya mai gudun ƙuda. Abin da ya fi alfahari da shi, injinta ba shi da lagireto, iska ke sanyaya shi. Ya kan tare baƙo ya ce, "Ba ta shan ruwa fa! Jikin saniya, halin raƙumi."

Da aka gama sai ta yi tsawon da shi kansa ba ya iya hawa. Malam Garba ya ce a yi waldar matakala. Kawu ya ce ɓarnar ƙarfe ce. Washegari matarsa, Hajiya Dudu, ta nemi ƙaramin turminta na dakan yaji ta rasa. Tana leƙowa ƙofar gida ta gan shi a kife, Kawu a tsaye a kai, ƙafa ɗaya a mota.

"Innalillahi! Malam, turmin nawa?"

"Aro ne, Hajiya. Ya daɗe yana shan duka, yau ya samu aikin ofis."

Bai sake komawa madafa ba. Igiya aka ɗaura masa, in an hau a jawo shi ciki.

Ni aka zaɓa abokin gwaji, wai malamin makaranta ba shi da aiki ranar Asabar. Fitarmu ta farko muka saki kwalta bayan Aujara muka fuskanci jigawar yashi. Kawu ya sauka ya sassauta iskar tayoyin har suka baje. Na ce, "Kawu, fashewa suka yi?"

"Ka taɓa ganin tafin raƙumi a tsuke? Karatunku dai!"

Wallahi ta haye yashin nan kamar a kan tabarma take tafiya, har na fara jin kunyar dariyar da na yi masa a zuci. Da muka dawo bakin kwalta na ce to yanzu a ina za a mai da iskar? Ya buɗe kabad ya miƙo mini famfon keke. Famfon keke, jama'a! Taya huɗu na mota, rana a tsaka. Ya shimfiɗa buzunsa a inuwar Nagge yana jan carbi, ni ina sama ina ƙasa. Da na tsaya numfashi ya ce, "Ci gaba, Malam Sa'idu. Kai da kake hura wa yara iska a kai tun Litinin, taya ce za ta gagare ka?"

Kalmarsa ta kullum ita ce, "Inda saniya ta bi, Nagge za ta bi." Da damina ta sauka muka isa bakin fadama, ga sawun shanu ya ratsa taɓo ya ɓulla ƙetare. Na ce, "Kawu, saniya ƙafa ɗaya take cirewa ta sa ɗaya, wannan kuwa..."

"Inda saniya ta bi!"

Muka shiga da ƙarfinmu. A tsakiya Nagge ta zauna zaman amarya, tayoyi na juyawa suna yi mana feshin laka. Sai da wani manomi ya kwance shanun huɗarsa daga garma ya ɗaura mata igiya. Kafin a ja, Kawu ya buɗe bakin bijimin dama ya duba, ya ja fatar idonsa, ya yi wa mai shi faɗa a kan rashin ba shi kanwa. Bijimai suka yunƙura, mota ta fito tana tsiyaya. Ina jira in ji ta inda zai ɓullo. Ya goge tabarau ya ce, "To, me na ce? Shanu sun bi, ta bi su."

A ƙetaren fadamar dariyata ta ƙare. Burtalin da Kawu ya sani da yarinta, wanda garke guda ke bi kafaɗa da kafaɗa, gonaki sun cinye shi daga hagu da dama har ya koma kamar tsagar kitso. Gero ya yi kai a ɓangarorin biyu. Kawu ya ɗauko igiya ya auna faɗin motar, ya auna hanya. Ya kwance maduban gefe ya sake aunawa. Duk da haka sai ta kwantar da kunya guda ta geron wani kafin ta wuce. Ya naɗe igiyarsa ya ce, "Mu koma. Sai kaka."

A lokacin jikin Inna ya yi tsanani, kunu ma sai an lallashe ta. Raina ya ɓaci, na yi masa maganar da ban saba ba. Na ce, "Kawu, kunya ɗaya ce fa! Mu nemi mai gonar mu ba shi haƙuri, mu biya shi. Wa ya ba mu tabbacin kaka?" Wannan ne kusan karo na farko da wani a cikinmu ya taɓo zancen a fili.

Ya daɗe yana kallon geron. Sannan ya ce, "Na ɗinke kan mutum a kan abin da bai kai kunya ɗaya ba, da zaren da nake ɗinke shanu. Yau in mun biya mun wuce, gobe wani yaro zai ga sawun taya ya kora garkensa a kai, ya ce ai hanya ce. Ba ni zan buɗe wannan ƙofa ba." Ya buɗe mota, ya taka turmi, ya ƙara da cewa ba tare da ya dube ni ba, "Kuma ita ba za ta yarda ta je gaida uwarta ta kan abincin mutane ba. Ka fi ni karatu, na fi ka saninta."

Na sha karanta labaran masu taurin kai a littattafai, ina koya wa yara su fito da darasin da ke ciki. A takarda abin da sauƙi. Watannin nan kuwa, duk asubar da na je ɗakin Inna sai na tsaya a bakin ƙofa na saurari numfashinta kafin in yi sallama, kuma ban san ko in ga girman Kawu ko in ji haushinsa ba. Har yau in na ce na gama yanke hukunci na yi ƙarya.

Allah Ya sa ta kai. Da aka yanke gero aka kwantar da kara, Kawu ya zo da safe ya tsuguna a bakin ƙofarta.

"Adda, zan je gwada mota wajen Aujara. Bayanta na tsalle, nauyi nake nema, ga shi ba ni da buhun hatsi."

Inna ta ce, "To, in nauyi ne sai a taimaka maka."

Ashe mayafinta da takalmanta suna ƙarƙashin matashi a shirye, ban san tun yaushe ba. Muka ɗauke ta a kan tabarma muka kwantar a gadon Turawa. Kawu ya yi tuƙin da ban taɓa ganin ya yi ba, duk rami sai ya rage gudu har mai tafiya a ƙasa ya wuce mu. Fadama ta bushe ta tsattsage. Burtali ya buɗe.

Wurin rugar ya zama gona. Mai ita, wani dattijo, yana ɗaure dami muka tsaya a iyaka Kawu ya yi sallama ya faɗi ko su waye. Dattijon ya ce, "Haba, ku shigo mana! An yi girbi, gona ta shanu ce yanzu." Kawu ya dube ni ta wutsiyar ido. Ya ja motar har gindin tsamiya, ya buɗe ƙofar gefe.

Inna ta dubi bishiyar tun daga saiwa har ƙololuwa. Ta ce, "Ta ƙanƙance."

"Ke ce kika girma, Adda."

Ta ce a cire mata takalman da ta sha wahalar sawa, a sauko da ita. Muka riƙe ta ta kafaɗu, tafin ƙafarta ya taɓa ƙasa. Ta nuna da haɓa: nan bukkar mahaifiyarsu take, nan ake ɗaure maruƙa, can Buba ya faɗo daga reshe ya ce iska ce ta ture shi. Sannan ta juya wajen da babu wata alama sai ɗan tudu, ta ɗaga hannu tana yi wa mahaifiyarsu addu'a. Mai gonar ya ajiye daminsa ya ɗaga nasa. Da na waiga babu Kawu. Ƙafafunsa kawai na hango daga ƙarƙashin mota, wai wani noti yake ɗaurewa, kuma bai ɗauki sifana ba.

A hanyar dawowa Inna ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba. Da muka shigar da ita ɗaki, godiyar da ta yi masa ita ce, "Motar taka ta cika girgiza." Ya ce, "Za a duba." Ya fita yana gyara hula kamar wanda aka naɗa wa rawani.

Dukanmu ɗakin Inna muke tsaro. Ba wanda ya kalli wajen Kawu, mutumin da ko ciwon kai ba ya yarda yana yi. Kafin wata damina ta sauka ya dawo daga sallar Azahar ya ce jiri yake ji, ya kwanta, shi ke nan. Ni aka tura in gaya wa Inna. Ta yi salati, sannan ta ce, "Ni da nake ganin ni ya yi wa rakiya. Ashe ni na raka shi ya yi sallama."

Allah Ya jiƙan Kawu Buba, Ya gafarta masa. Yadda ya ƙi takura wa gonar kowa, Allah Ya yalwata masa makwancinsa, Ya sada shi da mahaifiyarsu a inuwar da ta fi ta tsamiya. Amin.