Kawu Kangwa da Hayaƙin Oktoba

Kawuna Kangwa, wanda a ƙauyenmu kusa da Luwingu ake kira Bashi Nsofwa, wato baban Nsofwa, ya yi shekara arba'in yana hawan itatuwa da gatari. Shi ke sare rassa, matarsa Bana Nsofwa ta kwaso su a ka, ta tara a tsakiyar gona. In Oktoba ya kama, mai gari ya ba da izini, sai a cinna wuta, a shuka tamba cikin tokar. Da wannan kowa ke ci.

Shekarar da na dawo gida na tarar ƙirjin Bana Nsofwa ya lalace. Tun Agusta, wanda a wurinmu tsakiyar rani ne, da mafarauta sun fara ƙona ciyawa, sama kan yi duhu-duhu, rana ta yi ja, numfashinta ya riƙa fita kamar usur. Ma'aikaciyar asibiti ta ce hayaƙi ne.

Kawu ya rantse ba zai ƙona gonarsa ba, kuma bai ƙona ba. Amma maƙwabta sun ƙona nasu, masu gawayi ba su huta ba, iska ta ƙaro wani daga garuruwan da ba mu taɓa zuwa ba. Mako biyu Bana Nsofwa ta yi ba ta iya kwanciya sai a jingine. Rumbu ya tashi babu tamba, suka ƙare shekarar da rogo.

"Ka hana mu tuwo, ba ka hana ni tari ba," ta ce masa.

Da rani ya zagayo, ya ɗora ta a keke zuwa bakin tafkin Bangweulu, ya sa ta a kwalekwale zuwa tsibirin da ƙanwarta take, inda hayaƙin ya fi sauƙi. Ya dawo ya tarar da rassan da ya sare don ƙonawar bana a zube, babu mai kwasa. A wurinmu namiji ba ya ɗaukar rassa, aikin mata ne. Ya sunkuya ya ɗauka.

Abokin wasansa Chisanga ya tare shi a hanya. "Bashi Nsofwa, ina zanen? Ko in aro maka na matata?"

"Bar zanen," in ji Kawu. "Aro min gammonta, kaina ya kusa tsagewa."

Shekara shida ke nan yana haka. Gonar ta ragu da rabi, wuyansa ya sandare, ba ya waiwaye sai da dukan jikinsa. Ita kuwa Bana Nsofwa, da an yi ruwan farko takan dawo. Bara da ƙafarta ta hau tudun gidansu, sau ɗaya kawai ta tsaya hutawa.