Ruwan da Inna Ta Ba Masu Bincike

Mu mutanen Adar ba mu da dama in aka zo batun baƙo. Ko rumbu ya ƙare, baƙo ba zai ji a bakinmu ba, kuma ba zai gani a akushinsa ba. Innata, wadda ke zaune a ƙauyenmu kusa da Barmu, ita ce uwar masu wannan hali.

Wata damina ƙanwata ta kai mata ɗiyarta yaye. Ba a jima ba yarinyar ta kama zawo. Yau da sauƙi, gobe ya dawo, har ta rame, wuyanta ya zama kamar sillen kara. Ba ita kaɗai ba ce, yaran garin da yawa haka suke. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Ni a Tawa nake, kuma maƙwabciyata tana aiki a cibiyar binciken lafiyar jama'a ta jami'a. Malama muke ce mata. In ta fara yabon cibiyarsu, to nemi wurin zama. Wai suna da ɗakin gwaji mai na'urorin da ke ganin abin da ido ba ya gani, likitoci da masana lissafi suna aiki kafaɗa da kafaɗa, suna horar da matasa, kuma burinsu su tare cuta a bakin rijiya tun ba ta kai mutum gadon asibiti ba. Nakan ce mata ta rage wani yabon saboda gobe. Amma ran da ta ce suna zagaya ƙauyuka suna gwada ruwan sha, kuma inda ruwa ya fi ɓaci nan za a fara gyaran rijiya, sai na ajiye zolaya na tambaye ta ko garinmu na ciki. Ta ce yana ciki.

Su ma ƴan jami'a suna da ladabi, ladabin ne ya ja musu. Suka aika wa maigari tun kafin su zo, maigari ya sa aka yi shela cewa manyan baƙi za su bi gida gida su karɓi ruwa. Shi ke nan, an gama da su! Daga baya ƙanwata ta ba ni labarin. Inna ta fito da itacen da take tattali kamar zinariya, ta tafasa ruwa, ta tace da sabon ƙyalle, ta wanke wata randa ta turara ta. Maƙwabta suka gani, kuma wa zai yarda a fi shi? Masu bincike suka zo da ƴan kwalabensu da akwatin ƙanƙara, suka ɗibi ruwa garau, suka yi godiya suka tafi.

Da sakamako ya fito, Malama ta same ni a ƙofar gida ta ce ruwan garinmu ya fi na famfon Tawa tsabta. Na san ma'anarsa: rijiyarmu ta koma ƙarshen layi, yarinya kuma ta ci gaba da shan abin da take sha. Sai Malama ta ce a aikinsu, in sakamako ya cika kyau tuhumarsa ake yi. Ba ya yiwuwa yara su yi ta zawo a garin da ruwansa ya fi na kowa. Za ta koma, kuma ba za ta aika wa kowa ba. Ran nan kam ban ce ta rage yabo ba.

Na raka ta. Inna na ganinmu ta rufe ni da faɗa, wai na girma ban yi hankali ba, na kwaso mata baƙuwa ba sanarwa. Ta nufi murhu za ta tafasa ruwa. Malama ta zauna a tabarma, ta ɗauki yarinyar ta ɗora a cinya, ta ce ruwan randar da wannan ke sha take so, yadda yake.

Inna ta ce atafau. Ita ba a haife ta a gidan da ake miƙa wa baƙo ruwan rijiya na damina ba, kuma so ake a je Tawa a ce ruwanta ƙazami ne. Malama ta ce ba a rubuta sunan kowa a jikin kwalba.

"Allah dai ya san mai randar," in ji Inna.

Na yi dariya, ta harare ni, na haɗiye sauran. Malama kuwa sai shafa bayan yarinyar take yi. Can Inna ta shiga ɗaki ta fito da moɗa. Ruwan ja ne kamar an wanke tukunyar ƙasa a ciki. Ta zuba a kwalbar tana kau da kai. Sannan ta tsaya ta dubi sauran da ke cikin moɗar, ta dubi jikarta.

"Ruwan da nij ji kumyar ba baƙuwa," ta ce a hankali, "shi nika ba ɗiyag ga kullum."

Ta sheƙar da shi a ƙasa, ta je ta hura wuta.