Malam Haladu da Layin Kano

Da hantsi Malam Haladu kan jingine kekensa a bayan ofishin waya na Haɗeja, ya maƙala abin saurare a kunne, ya zauna gaban akwatin haɗa layi. Layi ɗaya tak ke zuwa Kano. Mai son Legas ko ƙasar waje sai ya ba da lamba ya jira. Masu haɗawa na can, waɗanda ba su jin Hausa, su bugo in sun samu hanya. In an gama magana, yakan tambaya, "Kun gama?" sannan ya zare igiya, ya gaya wa na can su ma su saki nasu. Wanda ya buɗe layi shi zai rufe: ƙa'idarsa ke nan.

Da daminar 1974 wani Bature mai awon kogi ya nemi a haɗa shi da ƙasarsu, ya gaji da jira, ya tafi duba ruwa. Washegari Legas ta bugo, an samu hanyar kiran Baturen. A kan benci kuwa ga Gambo, masunci daga Guri. Matarsa Umma na asibiti a Kano, an ce za a bugo a faɗa masa ko ana bukatar jini. Motar Kano ta kusa cika.

"Malam, akwatin nan naka ya mutu ne?"

"Lafiyarsa lau. Zauna, Gambo, kana tare mini haske."

Legas ta ce a riƙe layi a nemo Baturen. Muddin an riƙe, asibiti ba za ta samu shigowa ba. Malam Haladu ya ce da Turanci, "Mai kiran ba ya nan. Ku saki, zan sake nema." Ya zare igiya.

Asibiti ta bugo, ana bukatar jini. Gambo ya tattara ƙannensa suka riski motar a bakin tasha. Baturen ya dawo ya yi faɗa, aka ja wa Malam Haladu kunne.

Malam, kai ne mai ƙofar da ba ka bar ta a buɗe ga wanda ba ya nan ba. Inda na yi karatu inji ne ke yin wannan aiki, kuma ba ya duba wa ke kan benci.

Bana ka yi ritaya. Mun gode. Wanda aka ba amanar abin jama'a, ya koyi sakinsa daga gare ka. Umma tana Guri, tana kyafa kifi.