Fatakar Baba a Cikin Gwangwanin Madara

Jalingo zuwa Abuja

Ƙarfe biyar saura kwata na bar Majidaɗi, zakara bai gama gyara murya ba. Yaya Talatu, babbarmu, ta raka ni bakin hanya da addu'a ɗaya da gargaɗi uku.

Dalilin tafiyar fataka ce, tsohon kuɗin azurfa na sulai biyu da marigayi Babanmu ya bari. Ni na matsa aka ba Bitrus, ɗan kawunmu da ke Turai, ya kai wa masu tantance tsoffin kuɗi. Sukan duba, su ba ta maki, su rufe ta a gidan roba mai haske wanda ba ya buɗuwa sai an fasa. Yaya ta ƙi tun farko. "In aka musanya ta, Ticha, da wane ido za ka gane?" Na ce in haka ta faru, kada a sake jin shawarata a gidan nan.

Mun wuce Iware ana jera doya. Shinge biyar kafin Wukari. A Makurɗi na ci sakwara da miyar agushi, farashinta ya fi ta yaji. Da magariba muka shiga Abuja, na kwana wajen tsohon abokin aikina.

Tasha

Bitrus, da ya sauka daga Turai, ya zo da safe a gurguje, ya miƙo mini gwangwanin madara naɗe da salatif.

"Tana ciki. Kada ka fito da ita a mota, Ticha, idon mutane."

"To yaya zan tabbatar?"

Ya ce a jikin robar akwai ɗan ƙanƙanin cif irin na katin banki, ba batir. In ka kara waya, yakan ba da lambar sirri sabuwa, wayar ta tambayi kamfanin, hoton kuɗin ya fito. 'Yan damfara suna kwaikwayon roba da takardar shaidar da ke cikinta, lambar ce ta gagare su. Direba ya danna oda, Bitrus ya ɓace.

Abuja zuwa Wukari

Muna fita daga gari na cusa hannu a jaka, na kara waya a gindin gwangwanin. Shiru. Na kara a murfi. Shiru. Na ɗora wa sabis laifi har Lafiya, inda sabis ya cika taf, ya wanke kansa.

Daga nan zufa ta karyo. Ko a Turai aka yi musayar? Ko Bitrus ne aka cuta? Ko kuwa... na yi sauri na nemi gafarar Allah a kan wannan tunanin.

A wani shinge bayan Makurɗi jami'i ya girgiza gwangwanin kusa da kunnensa.

"Baba, mene a ciki?"

"Gado ne, ranka ya daɗe."

"Gado a gwangwani? Naku ya yi sauƙin rabo." Ya miƙo mini, mota ta kwashe da dariya, ban da ni.

Matar da ke gefena ta ga ina ta shafa wa jaka waya, ta ce, "Baba Ticha, jakan ba shi da lafiya ne?" Na ce dukanmu biyu.

Gida

Na iso da almuru, na tarar da Yaya a tsakar gida. Na faɗa mata gaskiya: tun Abuja cif bai amsa ba.

"Ka ma gan ta kuwa?"

"An ce kada in buɗe."

Ta sa wuƙar albasa ta yanke salatif, ta zaro robar, ta ɗora a tafin hannuna. Na kara waya. Nan take ta yi ƙara. Ga hoto, ga maki, ga lamba daidai da ta jikin takardar. Ashe ƙarfen gwangwanin ne ya shiga tsakanin cif da waya, darasin da na koya wa 'yan aji uku shekara da shekaru.

Yaya ta ɗaga robar saitin fitila, ta daɗe tana kallo.

"Ita ce. Ga inda Baba ya cije ta." Ta murza robar da babban yatsa, ta sake murzawa. "Ka yi gaskiya, Ticha. Sai dai yanzu ba mai taɓa ta."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Bitrus da direbobin hanya.